Rafin Kubanni da Ƙoramun da ke Shayar da Shi



A wurin masana labarin ƙasa, in an ce rafi, to, ana nufin ruwan da ke gudu da kuma dukan ƙasar da ke zuba masa ruwa, tun daga tudun da ya raba shi da maƙwabcinsa har zuwa inda ya faɗa cikin wanda ya fi shi girma. Da wannan ma'ana za mu duba rafin Kubanni na ƙasar Zazzau.

Mafarinsa yana tudun Kampagi, wajen Shika. Daga nan ya gangaro kudu maso gabas, ya bi ta gefen Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, kana ya faɗa cikin Galma. Tafiyar duka ba ta wuce kilomita 20 da 'yan kai ba. Galma ya kai ruwan Kogin Kaduna, Kaduna ya kai Kwara, Kwara kuwa ya kai teku.

Daga wajen mafari, ƙoramu huɗu ne ke shayar da shi, watau Malmo da Tukurwa da Maigamo da Goruba. Dukansu da ruwan sama suka dogara. Zariya takan sami kimanin milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Ƙarƙashin ƙasar kuwa tsohon dutse ne mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya ruɓe ko ya tsage. Saboda haka ƙoramun kan cika su yi ambaliya a watan Agusta, da rani kuma su janye, su bar yashi da damshin fadama wanda masu lambu ke amfana da shi.

A shekarar 1973 aka tare rafin, aka gina madatsar da ke ba Jami'ar Ahmadu Bello ruwan sha. Nan ne maganarmu ta farko take da muhimmanci. In manomi a gefen Malmo ya sare itatuwan gaɓa, ya yi huɗa bin gangare, ruwan farko zai kwashe masa ƙasar sama. Ƙorama ta ɗauka, ta miƙa wa Kubanni. Da ruwan ya iso madatsa sai gudunsa ya mutu, laka ta kwanta a ƙasa, zurfin tafkin ya riƙa raguwa shekara bisa shekara. Manomi ya yi hasarar albarkar gonarsa, jami'a ta yi hasarar ma'ajin ruwanta.

Yashe tafki aiki ne mai tsada, kuma muddin zaizaya na ci a tudu, laka za ta komo. Lalle ne a fara gyara daga ƙoramu: a bar ciyawa da itatuwa a gaɓa, a yi kunya a gicciye, a tare bakin kwazazzabo tun yana ƙarami. Jami'in gona da injiniyan ruwa, aikinsu a nan ɗaya ne.