Bikin shekarun wahala da ya koma yayi a Amurka

Ranar zubin da ta wuce, wata ƴar ƙungiyarmu ta nemi rancen jika ɗari biyu daga asusu don armen ɗiyarta. Kafin mu buɗe akwati, sai yarinyar, wadda ke karatu a Yamai, ta miƙo salula ta ce: "Iyayena, ku dubi irin bikin da nake so." Hotunan amaren Amurka ne cikin dogayen riguna marasa ado, da ƴar hula a ka, teburi cike da tsofaffin kwanonin gilashi, wasu kore wasu ruwan hoda. Wai salon shekarun 1930 ke nan. Muka ce to, bari mu san mafarin abin tukuna.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe. Bankuna suka yi ta rufewa da ajiyar mutane a ciki, mu da muka san zafin zubi ba sai an yi mana bayani ba. Zuwa 1933, kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu zaune yake ba aiki. Samari da yawa suka ɗage aure, waɗanda suka yi kuma da abin da ke hannu suka yi shi.

Amarya takan sa rigarta mafi kyau, ko ta ɗinka wadda za ta ci gaba da sawa bayan biki. Amma labarin buhu ne ya fi kama mu. A lokacin, fulawa da abincin kaji cikin buhunan auduga ake sayar da su. Matan karkara sai su wanke rubutun, su warware ɗinkin, su yi rigunan yara da zannuwan gado da nasu na sawa. Da kamfanoni suka lura, sai suka soma buga furanni a jikin buhun don a fi sayen nasu. Buhu uku yakan yi rigar mace babba, shi ya sa uwargida kan ba maigida ƙyalle in zai tafi kasuwa, ta ce kada ya kuskura ya kawo wani zane daban. Nan muka kwashe da dariya, don kowacce ta tuna nata mijin.

Abincin biki kuwa a gidan iyayen amarya ake ci, maƙwabta kowa ya kawo kwanonsa. Akwai gaton da ba ƙwai, ba madara, ba man shanu: fulawa, sukari, garin koko, mai, ruwa, sai bikarbonat da ɗan binegar su tashe shi. Mun gwada shi a tukunya bisa gawayi. Wallahi ya tashi, illa dai na farko ya ƙone a ƙasa.

Ga inda zancen ya juya. Waɗannan kwanonin gilashi masu launi, a da kyauta ake ba da su, a cikin kwalin hatsi ko a ƙofar silima don jawo mutane. Yau masu tara kayan da ke sayen su da tsada, masu shirya biki kuma haya suke ba da su. Amaryar yanzu tana kashe kuɗi don ta yi kama da wadda ba ta da su. Muka ce wa ɗiyarmu, in hoton take so, jika ɗari biyun ma ba za su isa ba.

Abin da muka ɗauka shi ne dabarar. An soke anko na biyu. Amarya za ta ɗinka shadda guda mai kyau wadda za ta sake sawa da salla. Ranar wuni kowaccenmu za ta kawo kwano ɗaya, tabarmi da tukwane kuma na ƙungiya ne. Rancen ya sauko zuwa jika tamanin.

Kayan ɗaki da gara ne ba mu gama ba. Uwar amarya ta ce ita za a yi wa gori a dangin miji, ba mu ba, kuma ba wadda ta iya musa mata. Mun wakilta mata biyu su je su zauna da uwar ango kafin zubi mai zuwa.