Zariya Ta Mayar da Nata, Amurka Na Sabunta Nata

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya ji malamin Fiziks yana bayanin yadda ƙwayar zarra ta yuraniyom ke tsagewa ta saki zafi. Mu ma haddace shi muka yi don jarrabawa kawai, muna ɗauka abin sai ƙasashen Turawa. Ashe yana nan kusa, a Samaru.

A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai wata ƙaramar na'urar nukiliya ƙirar China mai suna NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. Ba ta ba da wutar lantarki. Aikinta awo ne: in aka sa mata ɗan ƙasa, irin ta gonakin Bakolori, ko ɓarɓashin dutse, sai a gano sinadaran da ke ciki.

Matsalar tana cikin makamashinta, yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda ake haɗa bam da shi. Kusan kilo ɗaya ne, bai isa bam ba. Amma mu 'yan Zamfara ba sai an faɗa mana abin da makami ke yi in ya faɗa mugun hannu ba. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon China. Na'urar ta ci gaba da aikinta.

To, manyan fa? Amurka na da makamai masu linzami 400 samfurin Minuteman III, a ramukan ƙarƙashin ƙasa a jihohin Montana, Dakota ta Arewa, Wyoming, Nebraska da Colorado. Tun 1970 aka fara girka su, sun girmi iyayen wasunmu. Har zuwa 2019, tsarin isar da umarni gare su yana amfani da tsohon faifan kwamfuta mai faɗin inci 8!

Maimakon rage su, Amurka za ta maye gurbinsu da sabbi masu suna Sentinel. A 2024 Ma'aikatar Tsaronta ta ƙiyasta kuɗin aikin a kusan dala biliyan 141. Hujjarta ita ce Rasha da China ma suna sabunta nasu, kuma gaskiya ne. Sai dai kowannensu da ɗan'uwansa yake kafa hujja.

Wannan Amurkar ce dai ta taimaka aka kwashe kilo ɗayan nan na Samaru.