Kuɗin Ciyar da Yara: Me Kotunan Abuja Ke Iya Yi?

Shirinmu na yau ya duba halin matan da ke riƙon yara su kaɗai a Abuja: zawarawa, da waɗanda mazansu suka yi ɓatan dabo.

Tambayar farko: uwa za ta iya maka gwamnati a kotu don ta ba ta tallafi? Abin da kamar wuya. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci jin daɗin jama'a a babi na 2, amma sashe na 6 ya ɗaure wa kotuna hannu a kan wannan babi. Wanda alƙali zai iya matsa wa lamba shi ne uban yaran.

A kotunan yanki irin na Kubwa da Gwagwalada, inda ake sauraron ƙararrakin auren Musulmi, a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa har ya balaga, 'ya kuwa har ta tare a gidan miji. Ci da sha da sutura suna wuyan uba. Dokar kare hakkin yara ta 2003 ma ta ba yaro damar neman ciyarwa a kotun iyali, gwargwadon samun iyayensa. Dokar hana cin zarafi ta 2015 kuma ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar da za ta kai naira 500,000, ga wanda ya watsar da iyalinsa ba abin sawa a baka.

Sai dai hukunci daban, biya daban. Uwa za ta zo da rasit ɗin makaranta da katin asibiti, uba ya ce, "Ranka ya daɗe, kasuwa ba ta tafiya." Alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya biya sau biyu, ya kashe waya. Nan ne mata da yawa ke haƙura, alhali kotun da ta yanke hukuncin tana da ikon sake aika masa sammaci.

Don haka 'yar'uwa, adana takardunki, ki koma gaban alƙali. In ba ki da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ku kuma iyaye maza, ku ji tsoron Allah: an saki uwa ne, ba a saki 'ya'ya ba.