Jerin gwanon batura: yadda ake zana gidan batir da firintar 3D za ta buga

Idan ka taɓa kwana a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, da wuya ba ka ga wannan dabarar ba: batura uku an naɗe su da kwali, an ɗaure da robar tsohon tayar keke, an maƙala waya a kai da gindi, sai ga ƙwan fitila ya kama. Wani rediyonsa yake kunnawa da ita. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan ukun, rediyo mai batir ne ya koma babbar hanyar jin labari. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma dare yake buƙatar tocila a hannu, batir ba abin wasa ba ne.

Matsalar naɗin kwali ka san ta. Fitila ta yi ta ƙifta ido, sai ka matse ko ka bubbuga ta dawo. Daga nan a ce batir ya mutu, a jefar, a sayo sabo. Sau da yawa kuwa batirin da sauransa, mahaɗarsa ce ta saki. Yau bari mu ga yadda ake zana masa gida na roba wanda zai magance wannan.

Me ya sa ake jera su?

Batirin tocila, babba ko ƙarami, ƙarfin turinsa volt 1.5 ne. Babban ya fi daɗewa ne kawai, bai fi turi ba. Farin ƙwan LED kuwa yana son wajen volt 3 kafin ya haska. Shi ya sa batir ɗaya ba ya tayar da shi kai tsaye. Idan ka haɗa kan wannan, mai alamar +, da gindin wancan, mai alamar −, turinsu yana taruwa: biyu volt 3, uku volt 4.5, huɗu volt 6. Mu kira wannan jerin gwano. Dabarar tsohuwa ce. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera faya-fayan ƙarfe iri biyu, ɗaya kan ɗaya, da jiƙaƙƙen kwali na ruwan gishiri a tsakaninsu, ya samar da batir na farko. Daga sunansa aka samo kalmar volt.

Amma ka riƙe wannan: a jerin gwano hanya ɗaya ce tak. Ka tuna yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu zuwa hannu idan ana kashe gobara. Duk bokitin da ya isa wurin wuta sai ya bi ta hannun kowa. Mutum ɗaya ya gaji, ko aka sami giɓi a layi, aiki ya tsaya. Haka wuta take bi ta kowane batir da kowace mahaɗa. Saboda haka aikin gidan batir biyu ne: ya matse su sosai, kuma ya sa kowanne ya fuskanci inda ya kamata.

Firintar da ke buga abu, ba takarda ba

Firintar 3D tana narkar da zaren roba, tana zuba shi sahu-sahu, kowane sahu kaurinsa kamar milimita 0.2, har abin ya tashi, kamar yadda magini yake ɗora tubali. Kai kuma a kwamfuta kake zana abin, da manhajoji na kyauta irin su FreeCAD, OpenSCAD ko Tinkercad. Ba sai ka mallaki injin ba. Fayil ɗin ƙarami ne, kana iya tura shi ta WhatsApp ga mai injin a birni.

Awo kafin komai

Batirin AA, wato ƙaramin da ake sa wa agogon bango, tsawonsa bai wuce milimita 50.5 ba, kaurinsa kuma 14.5. Babban na tocila tsawonsa 61.5, kaurinsa 34.2. Kada ka zana rami daidai da wannan awon. Roba tana ɗan bajewa idan ana zuba ta, sai ramin ya fito a matse. Ƙara kamar rabin milimita: ramin AA ya zama 15. A tsawo kuma ka bar wa sifirin wuri. Kafin ka buga gidan gaba ɗaya, buga ɗan zobe kawai ka gwada ko batir zai shige. Minti kaɗan ne, ya kuma hana ka asarar roba.

Bututu ko kafaɗa da kafaɗa?

Nan ne zaɓin yake. Kana iya zura batura uku cikin bututu ɗaya kamar tocila. Tsawonsu zai kai milimita 151.5, mahaɗa kuma huɗu ce kacal: biyu a ƙarshe, biyu a tsakani. Ko ka kwantar da su kafaɗa da kafaɗa kamar na rediyo, ɗaya kai sama, na kusa da shi kai ƙasa, ka haɗa su da 'yan ƙarafa. Wannan ya fi gajarta, amma mahaɗa ta zama shida.

Me ya sa muke ƙirga mahaɗa? Domin kowace tana cin nata rabon. A ce tsatsa ko sakin jiki ya sa kowace mahaɗa tana da turjiyar ohm 0.2, kana kuma jan rabin amp. Kowace za ta cinye volt 0.1. Shida sun cinye 0.6 ke nan daga cikin 4.5, tun wuta ba ta isa fitila ba. Ka ga inda "mutuwar" batirin kwali take fitowa.

To ai sai a zaɓi bututu, ko? Dakata. Kafaɗa da kafaɗa yana da wata fa'ida babba: yana iya hana sa batir a juye. Idan cikin batura huɗu aka juya ɗaya, lissafi ya koma volt 3 maimakon 6. Abin haɗarin shi ne na'urar tana iya ci gaba da aiki a raunane, alhali sauran ukun suna ɗura wuta cikin wanda aka juya, har ya yi zafi ya tsiyayo da ruwan da ke cin ƙarfe. Maganin yana cikin zane. Kan AA yana da ɗan tsini, faɗinsa bai wuce milimita 5.5 ba, tsayinsa aƙalla milimita 1. Sai ka ɓoye ƙarfen + a bayan rami mai faɗin milimita 6, zurfin rabin milimita. Tsinin zai shiga ya taɓa. Gindi kuwa shafaffe ne, ba zai kai ba. Ko a duhu yaro ya sa a juye, fitila dai ta ƙi kamawa, shi ke nan. A bututu ba ka da yadda za ka tsare na tsakiya.

Roba ba ta ɗaukar wuta, ba ta kuma son zafi

Firinta gida kawai za ta ba ka. Ƙarfen mahaɗa sai ka nemo, kuma mafi kyau shi ne sifirin da faranti na mataccen rediyo ko tocila, waɗanda ba sa wuya a wurin masu gyara. Zana musu tsaga da za su zauna daram.

Ni na taɓa yin wayo, na ce bari in buga sifirin ɗin ma da roba. Ranar farko ya matse, bayan 'yan makonni ya saki, fitila ta koma ƙifta ido. Roba idan ta daɗe a danne takan miƙa wuya, ba ta komawa. Bar wa ƙarfe aikin matsi.

Sai nau'in robar. Wadda aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60. A yankinmu zafin Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, balle abin da aka bari a rana ko cikin mota a rufe. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ita ta fi dacewa da mu. Sannan abin da aka buga ya fi saurin tsagewa ta tsakanin sahu da sahu, don haka kwantar da gidan a kan faranti lokacin bugawa, yadda turin sifirin zai bi tsawon sahun, ba ya ɓamɓare su ba.

Gargaɗi uku

Kada ka haɗa tsohon batir da sabo. Tsohon zai riga ƙarewa, sababbin su ci gaba da tura wuta ta cikinsa har ya tsiyaye.

Kada ka jona batura huɗu kai tsaye da wayarka. Volt 5 take so, su kuma 6 suke bayarwa, sababbi ma har su ɗara.

Na uku ya fi kowanne. Batiran litiyom da ake cirowa daga tsohuwar laftof, masu lamba 18650, ba irin waɗannan ba ne. Kowanne volt 3.7 ne, a cike 4.2, kuma idan wayoyinsu suka haɗu ko caji ya wuce kima suna iya kamawa da wuta. Ba a jera su sai da allon kariya da ke lura da kowanne.

Idan babu firinta kusa da kai, ilimin bai ɓaci ba. Bututun wayarin lantarki mai faɗin milimita 20 yana ɗaukar AA. Sa sifirin a gindi, goge bakin ƙarafan su yi haske, ka toshe bakin bututun da abin da zai danne. Kuma gobe idan fitilarka ta dushe, kafin ka jefar da batir, fara duba mahaɗa tukuna.