Mene ne "Rauni" a Shari'a? Misali daga Dokar Sudan



'Yan'uwa, a bakinmu duk wanda aka daka ya ji ciwo sai mu ce an yi masa rauni. Alƙali ba ya ɗaukar kalmar da wannan faɗi. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991, wadda kotunan Khartum da Omdurman ke hukunci da ita, ta raba abin gida biyu.

Sashe na 138 ya kira shi jurhu idan an rabar da mutum da wata gaɓa, ko an gusar masa da hankali, ko ji, ko gani, ko an fasa masa kai, ko an yanke shi a jiki. Sashe na 142 kuwa ya kira shi aza, wato cutarwa, idan zafi ko ciwo kawai aka jawo masa. Tazarar da ke tsakani ba ƙarama ba ce. Jurhun ganganci kisasi ne idan sharuɗɗa sun cika, bisa aya ta 45 a Suratul Ma'ida. In ba su cika ba, ɗauri har shekara 5 ko tara, ga diyya. Cutarwa zalla ba ta wuce wata 6.

Wannan rabo ba baƙo ba ne ga ɗalibin Malikiyya. Malamanmu sun ce mari ba shi da kisasi, ladabtarwa ake yi. Sun kuma kasa saran kai daraja-daraja. Mudiha, wadda ta bayyana ƙashi, ana kisasi a gangancinta, a kuskure kuma raƙuma 5. Munaƙƙila, wadda ta gusar da ƙashi, raƙuma 15. Ma'muma da ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa, da ja'ifa da ta huda ciki, sulusin diyya ne, kuma babu kisasi a cikinsu ko da gangan ne, domin ramuwar tana iya zama kisa.

Wani abin lura: Imam Malik ganganci da kuskure ya sani, amma dokar ta bi jumhur ta ƙara na uku, mai kama da ganganci.

A aikace, maganar likita ce ke rinjaye. Wanda aka ji wa ciwo a Omdurman yakan karɓi takardar 'yan sanda da ake kira Urnik 8, likita ya rubuta zurfin raunin da wurinsa. Shi ya sa nake ganin fatawar malamanmu ta a jira rauni ya warke kafin hukunci ita ce daidai: hannun da aka rubuta "kumburi" yau, yana iya shanyewa bayan wata biyu.