Lissafin Kwamfuta Kan Ɗumamar Duniya: Ina Iyakarsa?

A shekarar 1992 wani shehun malamin tattalin arziki na Jami'ar Yale ta Amurka, William Nordhaus, ya fito da wani tsarin lissafi da ya raɗa wa suna DICE. Akan zuba wa kwamfuta bayanin yawan jama'a da bunƙasar masana'antu da hayaƙin da suke fitarwa, ita kuwa ta ƙiyasta zafin da zai ƙaru da hasarar da zai jawo. Saboda wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 2018.

To, amma ga abin dubawa. A 2006 Nicholas Stern ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto, ya ce a gaggauta rage hayaƙi, in ba haka ba duniya za ta riƙa hasarar aƙalla kashi 5 cikin 100 na abin da take samarwa kowace shekara. Nordhaus kuwa ya ce a bi sannu a hankali. Babban abin da ya raba su shi ne darajar da kowa ya ba hasarar da za ta faɗa wa jikoki. A lissafin Stern, hasarar dala 100 bayan shekara ɗari daidai take da wajen dala 25 a yau. A na Nordhaus ba ta kai dala 2 ba. Watau mutum ne ya yanke hukuncin tun kafin injin ya soma aiki.

Haka aka gani a Amurka. Gwamnatin Trump ta farko ta ƙiyasta ɓarnar kowane tan na hayaƙi tsakanin dala 1 da 7, domin ta cikin gida kaɗai ta ƙirga. A 2021 aka mai da shi dala 51, a 2023 dala 190. Tun 2013 Robert Pindyck na jami'ar MIT ya yi kashedi cewa yadda ake auna ɓarnar ba shi da tushe mai ƙarfi, kuma ba ya kama babban bala'i.

Mu ma abin ya shafe mu, gama Nijeriya ta yi alkawari a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba. Alhali kuwa lissafe-lissafen masana sun saɓa kan ko ruwan sama zai ƙaru ko zai ragu a yankin Sahel.

Saboda haka, duk shugaban da aka kawo wa irin waɗannan alƙaluma, wajibi ne ya tambaya: me aka zuba wa injin, kuma hasarar wa aka bari ba a ƙirga ba?