Ɓera ko Linzami? Bayani kan Wata Na'ura da Sunanta

1. Matsala

Tanda tana cikin gundumar Gaya, jihar Doso, inda ake jin Dandanci, Zabarmanci, Hausa da Fillanci. Makarantun Nijar da na Malanbil, ƙasar Benin, da Faransanci suke koyarwa. Na Kamba, a Najeriya, da Ingilishi. Saboda haka na'urar nan ta hannu da ake sarrafa kwamfuta da ita tana iso wa mazauna yankin da suna biyu, “suris” da “maus”, dukansu kuwa ɓera suke nufi. Littafin yaƙi da jahilci suna ɗaya yake bukata, kuma ba a zaɓen suna sai an san aikin abu.

2. Yadda take aiki

Douglas Engelbart ne ya ƙago ta a Amurka, ya nuna ta a bainar jama'a ran 9 ga Disamba 1968. Ta farko akwatin katako ce mai ƙafafu biyu na gare. Daga baya aka sa mata ƙwallo a ciki: in ya mirgina sai ya juya sanduna biyu, ɗaya na auna tafiya dama da hagu, ɗaya gaba da baya. Ƙurar hunturu takan cushe irin wannan. Daga 1999 mai haske ta yaɗu: ƴar fitila na haska tebur, ƴar kyamara na ɗaukar hoto fiye da 1,000 a daƙiƙa. Bambancin hoto da mabiyinsa shi ke nuna nisan motsi, sai kibiyar allo ta gusa daidai da shi.

3. Haɗi da kwamfuta

Hanya biyu ce. Ta waya: kafar PS/2 ta kamfanin IBM (1987) mai tsinke 6, sannan USB (1996), wadda ta gaje ta. Wayar ce ke kai saƙo, ita ce kuma ke kawo wuta. Ta iska: Bluetooth, ko ɗan makarɓi da ake cusawa a kafar USB, wannan sai da batir.

4. Shawara

“Ɓera” siffa yake kwatantawa, watau ƙaramin jiki da wutsiyar waya. Maras waya kuwa ba ta da wutsiya. “Linzami” aiki yake kwatantawa: yadda mahayi ke juya doki, haka hannu ke juya kibiya. Siffa ta sauya tun 1968, aiki bai sauya ba. Don haka “linzamin kwamfuta” ya fi cancanta, muddin an jarraba shi tukuna a azuzuwan manya na Tanda, inda Hausa ba harshen uwa ba ce ga kowa.